Masu fama da kumburin furostet, me kuka gwada a gida?

Mai Shagon Atamfa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, kunya ce ta hana ni. Shekarata 46. Wata huɗu ke nan ina jin wani nauyi tsakanin maraina da dubura, kamar na zauna a kan ƙwallon goruba. Fitsari na fita da zafi-zafi, da daddare kuma sai na tashi sau huɗu ko biyar. Na sha maganin basir kwalba uku, na koma na sanyi, shiru kake ji. Makon jiya na daure na je asibiti. Likita ya sa safar hannu ya duba ta baya (wannan ma labari ne mai zaman kansa), ya ce furostet ɗina ce, wani ɗan nama da ke ƙarƙashin mafitsara, ta kumbura. An gwada fitsari ba a ga ƙwayar cuta ba. Ya ba ni magani, ya ce abin na ɗaukar lokaci. Don Allah wanda ya taɓa yi, me ya sauƙaƙa masa a gida?

Direban Tirela:
Wa'alaikumussalam Alhaji, sannu. Ni shekara biyu na yi da shi. Zama ne ya jawo mini, Kano zuwa Legas a kan kujera mai zafi, ga riƙe fitsari saboda ba ko'ina ake tsayawa ba. Abin da ya fi yi mini amfani ba na sha ba ne, zaman ruwan ɗumi ne. Ka samu baho mai faɗi, ka zuba ruwan da gwiwar hannunka za ta iya jurewa, ka zauna minti 15 zuwa 20, safe da dare. Ranar farko na ji kamar an kwance wani ƙulli. Sai kuma matashi mai rami a tsakiya, wani tela ya ɗinka mini da soso, yanzu ko masallacin Juma'a zan je da mota yana tare da ni. Yaran mota suna dariya wai Oga ya zama mai jego. Su yi ta yi.

Malami Mai Ritaya:
Ɗana, Allah ya ba ka lafiya. Tambaya ɗaya: kana cin goro? Ni ɗan goro ne tun ina saurayi, ga shayi mai kauri bayan isha'i. Likita ya ce mini abin da ke hana barci a cikin goro da shayi da kofi shi ne yake tsokanar mafitsara. Na yi musu, na ce kakana ya mutu yana da shekara 90 da goro a bakinsa. Amma da na bari na sati uku, tashin dare ya dawo sau biyu daga sau biyar. Yaji ma haka. Duk ranar da na ci tsire da yaji mai yawa, washegari sai na gane kurena.

Ruwa kuwa kada ka rage shi, lokacinsa za ka canja. Ka sha sosai da rana, daga magariba ka sassauta.

Abin da ya fi damuna a lokacin ma ba ciwon ba ne, ɗigon da ke biyo baya ne bayan na gama tsarki. Sai in yi alwala sau uku kafin in samu sallah ɗaya, waswasi ya kusa zautar da ni. Wani ma'aikacin asibiti ya nuna mini: in ka gama, ka jira kamar rabin minti ka sake gwadawa, sannan ka sa yatsu a bayan maraina ka matso gaba a hankali, ragowar da ta maƙale a hanya za ta fito. Na ce ashe istibra'in da muka karanta a makarantar zaure ne, ba mu dai iya shi ba.

Ɗan Gargajiya:
Ku dai kuna wahalar da kanku. Ka samu 'ya'yan kabewa ka soya sama-sama, ka riƙa cin cikin tafin hannu kullum. Ka haɗa da tafarnuwa da zuma da habbatus sauda. Ruwan zaman kuma ka jefa bagaruwa a ciki. Kakanninmu ba su san wani furostet ba.

'Yar Baba:
Ku yi haƙuri na shigo zancen maza, amma abin da ya faru a gidanmu ne ya sa. Kakanninmu sun san shi, Malam, ɗaurewar fitsari suke cewa, kuma yana kashe su. Mahaifinmu yana da shekara 68, ya yi shekaru yana ɓoye mana, yana sayen jiƙo a jarka wurin masu lasifika a bakin kasuwa. Lokacin hunturu mura ta kama shi, ƙanena ya sayo masa maganin mura a kemis. A daren fitsari ya ɗauke gaba ɗaya. Mutumin da ban taɓa jin ya ce wash ba, ga shi yana birgima a tabarma, mararsa ta yi tauri kamar ƙwarya. Sai da asuba ya yarda aka kai shi. Da aka sa masa roba, fitsarin da ya fito ya fi lita ɗaya. Likita ta ce wasu magungunan mura da na ƙaiƙayi suna ɗaure fitsari ga mai kumburin furostet, kuma ƙodarsa ta fara taɓuwa saboda fitsarin da ya daɗe yana taruwa. Har yau ba mu san me ke cikin jarkar nan ba.

Ɗan Gargajiya:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni ban ce a sha na jarka ba, Hajiya. Kabewa abinci ce.

Nas Ɗin Maza:
Gaskiyarka, kabewa abinci ce, ba za ta cutar ba, wasu ma suna jin sauƙi kaɗan. Inda ake samun matsala shi ne ana kiran ciwo uku da suna ɗaya. Furostet wani ɗan nama ne a ƙarƙashin mafitsara, bai fi ƙaramin goro ba, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Na Baban Hajiya girma ne na shekaru, wanda ya fi zuwa bayan 50. Na Alhaji kumburi ne ba tare da ƙwayar cuta ba, shi ya fi yawa a masu irin shekarunsa, kuma shi ne ruwan ɗumi da barin yaji da tafiyar ƙafa suke yi wa aiki. Akwai kuma wanda ƙwayar cuta ke kawowa. In ya zo da zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon mara, ba a kwana da shi a gida, don yana iya shiga jini. Haka in fitsari ya tsaya, ko aka ga jini a ciki.

Wanda aka rubuta wa maganin ƙwayar cuta, sau da yawa sati 4 zuwa 6 ne, ba kwana biyar ba. Mutanenmu da sun ji sauƙi sai su ajiye, bayan wata biyu su dawo. In kuma ciprofloxacin ne, kada a kora shi da fura da nono ko madara, suna hana shi shiga jiki yadda ya kamata, a ba da tazarar awanni. Masu shan tamsulosin, maganin da ke sassauta hanyar fitsari, su riƙa tashi a hankali, yana sa jiri. Sannan a kula da bayan gida, in ya yi tauri ciwon ƙaruwa yake. Zogale, alayyahu, gwanda, duk suna taimakawa ta nan.

Ɗan Kano a Ingila:
Ni kuɗina na ƙona a kan ƙwayoyin saw palmetto, wani maganin furostet da ake yi da 'ya'yan itace, wata takwas ina sha. Daga baya na gano an yi manyan gwaje-gwaje biyu a Amurka, a 2006 da 2011, a kan masu girman furostet, ba a ga ya fi ƙwayar bogi ba. Wani kuma da ake sayarwa a nan da tsada, pygeum, ashe ɓawon wata bishiya ce da ake saro wa a tsaunukan Kamaru, har sai da aka sa wa cinikinta ƙa'idoji a 1995 don kada ta ƙare. Wasu na cewa yana rage tashin dare, ni dai ban gwada ba. Abin da zan ƙara: a nan ana yawan gaya mana baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da kansar furostet a rayuwarsa, shi ya sa suke cewa daga shekara 45 mu fara maganar gwajin PSA, wato gwajin jini na duba furostet, da likita.

Nas Ɗin Maza:
Haka ne Yaya, amma Alhaji kada ya yi gwajin yanzu sai likitansa ya ce. Kumburin kansa yana ɗaga lambar, sai mutum ya tsorata a banza.

Mai Shagon Atamfa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau kwana tara da fara zaman ruwan ɗumi, nauyin ya ragu sosai, jiya sau biyu kawai na tashi. Yaji na bari, shayin dare na bari. Goro ne dai, Baba Malam, muke ta kokawa, na dawo ɓari ɗaya bayan azahar. Oga Direba, soson matashin nan mai tauri ne ko mai laushi? Telan layinmu ya ce in kawo masa awo gobe.