Magani ɗaya, 'yan'uwa biyu, sakamako daban: laifin gado ne?

Ɗan Mabera ya rubuta:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata da ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, dukansu suna da ciwon suga nau'i na biyu, kuma metformin aka fara ba su. Sugan mahaifiyata ya sauka cikin 'yan watanni, ita kuwa ƙanwar tata, Inna, ban da murɗawar ciki da gudawa babu abin da ta samu. Da aka mayar da ita kan glibenclamide, sai ya riƙa kayar mata da suga kafin azahar, har ta kama rawar jiki da gumi. Tukunyarsu ɗaya, tuwon da wannan ta ci shi waccan take ci. Na ji ana cewa ƙwayoyin halittar da mutum ya gada suna da hannu a irin wannan bambanci. Shin gaskiya ne, kuma akwai gwajin da ya kamata mu nema a nan Sakkwato?

Mai harhaɗa magunguna ya amsa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba su Hajiya lafiya. Maganar tana da tushe, domin ko 'yan'uwan ciki ɗaya kusan rabi kawai suke tarayya a cikin ƙwayoyin gadon da suke bambanta mutum da mutum. Metformin ba ya shiga hanta da kansa, sai wani sinadarin jiki mai suna OCT1 ya ɗauke shi, kuma binciken da aka yi a Dundee ta ƙasar Sikotland ya nuna cewa waɗanda suka gaji raunin wannan sinadari sun fi saurin samun ɓacin ciki idan sun sha maganin. Shi kuwa glibenclamide da danginsa, irin su gliclazide da glimepiride, wani sinadarin hanta mai suna CYP2C9 yana cikin masu narkar da su, saboda haka wanda nasa yake aiki a hankali maganin yakan daɗe a jininsa, sugansa ya faɗi fiye da kima.

Duk da haka, ba zan fara ɗora wa gado laifi ba. Tasirinsa a yawancin masu nau'i na biyu kaɗan ne, shi ya sa ko a Turai wannan gwaji ba ya cikin abin da ake yi wa marar lafiya yau da kullum. A fara duba ƙodar Inna, domin raunin ƙoda da yawan shekaru da jinkirta karin kumallo sun fi gado yawan jawo faɗuwar suga. A kuma tambayi likita game da metformin mai narkewa sannu a hankali, wanda ake sha tare da abinci.

Wata malamar jinya ta amsa:
Akwai inda gado yake yanke hukunci kai tsaye, ko da yake masu irinsa ba su da yawa. Wani nau'in ciwon suga na gado da ake kira MODY yakan bayyana kafin shekara 25, ya bi gida daga kaka zuwa ɗa zuwa jika, kuma mai nau'insa da canjin ƙwayar gado mai suna HNF1A yake jawowa, ƙaramin awo na gliclazide yakan fi masa metformin amfani nesa ba kusa ba. Haka nan a 2006 likitocin Exeter ta Ingila suka nuna cewa yawancin yaran da suga ya kama tun suna jarirai saboda canjin ƙwayar gado mai suna KCNJ11 suna iya barin allurar insulin su koma shan ƙwaya. Idan Inna ta kamu tun tana budurwa, a faɗa wa likita.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya amsa:
Ɗan'uwa, ina ganin abin da ya fi shafarmu bai fito ba tukuna. Galibin waɗannan bincike a kan Turawa aka yi su, kuma nau'o'in CYP2C9 da aka fi nazari a can ba su ne suka fi yawa a jinin 'yan Afirka ba, don haka ba a kwaso sakamakonsu a ɗora wa mutumin Gwadabawa ko Wurno haka kawai.

Gadon da yake yawan ruɗa mu a wurin aiki shi ne wanda yake taɓa ma'aunin kansa. Gwajin HbA1c, wanda likita yake dubawa ya san ko magani yana aiki, ya dogara ne da daɗewar jajayen ƙwayoyin jini, wato kimanin wata huɗu. Mai ƙarancin G6PD (wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini), matsalar gado da ta yawaita a ƙasashen da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ƙwayoyin jininsa ba sa daɗewa, sai sakamakonsa ya fito ƙasa da ainihin sugansa, musamman idan namiji ne. Mai sikila ma haka, kuma ko mai AS wasu na'urorin suna iya ba shi lissafin da ba daidai ba. Shawarata ita ce ku je da takardar gwajin jinin su Hajiya ta AA ko AS, ku kuma riƙa rubuta awon yatsa na safe da na bayan abinci a littafi, likita ya haɗa su da HbA1c ɗin ya gani. Batun faɗuwar sugan Inna kuwa kada ya jira ranar ganin likita ta gaba, balle a kai ga azumi tana kan glibenclamide.