Tsamin ƙirji da gajiya bayan tiyatar zuciya: har yaushe suke ɗauka?

Ba'adare, Tawa:
Assalamu alaikum. An yi wa maiɗakina tiyatar zuciya kusan wata biyu da suka wuce, aka sauya mata bawul ɗin zuciya (wato ƙofar da ke buɗe wa jini hanya tana rufewa) da na ƙarfe. Ɗinkin ya warke sarai, amma har yanzu tana kukan tsamin kafaɗu da tsakiyar baya, ba ta jin daɗin kwanciya ta gefe, kuma ko tsakar gida ta zagaya sai gajiya ta kama ta. Wasu daga cikin dangi sun fara cewa aikin bai yi ba, maganar kuwa tana karya mata gwiwa. Ina roƙon masu sani su gaya mini ko haka abin yake, da kuma lokacin da za ta koma aikin gida.

Ma'aikacin jinya, Yamai:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara mata sauƙi. Fata tana rufewa cikin makonni biyu zuwa uku, amma ƙashin ƙirji, wanda ake tsagawa gida biyu sannan a ɗaure shi da wayoyin ƙarfe, yana buƙatar mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, shi ya sa mai kallon tabon yake zaton an gama alhali ƙashin yana kan gyaruwa. Tsamin kafaɗu da baya kuwa ya samo asali ne daga buɗe ƙirjin da aka yi na sa'o'i, domin haƙarƙari da jijiyoyin wurin sun sha ja. Gajiya takan kai wata uku, wani lokaci shida, musamman idan jininta ya ragu, don haka yana da kyau a auna shi.

Kada ta ɗaga abin da ya wuce kilo 5 sai likita ya yarda. Wannan ya haɗa da daka, da jan guga, da ɗaukar bokitin ruwa, da goyon yaro, waɗanda su ne matanmu suke saurin komawa gare su don kunyar a ce sun kwanta. Tafiya a ƙasa da sanyin safiya ita ce ta fi mata amfani, ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Amma idan zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko ɗinkin ya yi ja yana ɗigar ruwa, ko ta ji ƙashin yana motsi idan ta yi tari, ko numfashi ya gagara a kwance ƙafafu kuma suka kumbura, to a kai ta asibiti a ranar.

Maman Nana, Yamai:
Ɗan'uwa, ni ma irin aikin aka yi mini. Na daɗe ina sallah a zaune kafin sujada ta yi mini sauƙi, kuma rungumar matashin kai lokacin tari ta taimake ni ƙwarai. Ƙarar bawul ɗin ta hana ni barci da farko, daga baya kunnena ya saba. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne baƙin cikin da kan zo ba dalili, saboda haka ka tsawata wa masu wannan magana, domin ta fi ɗinkin ciwo.

Ba'adare, Tawa:
Na gode muku ƙwarai. Maƙwabciyarmu ta kawo mata diklofenak saboda bayan, shin za ta iya sha?

Ma'aikacin jinya, Yamai:
A'a, Malam, kada ta sha. Mai bawul na ƙarfe yana kan maganin tsinka jini har abada, a nan galibi Sintrom ne, kuma diklofenak da ibuprofen da asfirin suna iya jawo masa zubar jini a ciki. Farasitamol ne ya fi dacewa, gwargwadon yadda likitanta ya rubuta. Haka kuma zogale da alayyafo da sauran korayen ganyaye suna rage ƙarfin maganin, ba a hana ta ci ba, sai dai kada ta ci da yawa yau gobe ta daina. Ta ajiye jiƙe-jiƙen gargajiya, kuma kada ranar awon jini na INR, wanda ke nuna yadda jinin ya tsinke, ta wuce ta.