Kuɗin shirin dogon hutu ya ƙare tun yara ba su koma makaranta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ce ma'ajin wata ƙaramar ƙungiyar unguwa a Kano. Duk dogon hutu muna tara yara daga ƙarfe tara zuwa azahar a ajujuwan da wata firamare ta ara mana. Ana karatu, ana ɗinki, ana ƙwallo, kowa ya ci shinkafa da wake kafin ya tafi. Ba riba muke nema ba. Iyaye da yawa ba sa iya biya, ba ma korar kowa, wani Alhaji ne ke cika mana. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 cefane ke gagarar mu, bana kuma Alhajin ya ce kasuwa ta ja baya. Jiya na zazzage jakar kuɗin a kan tabarma, ba za ta sayi kwano goma ba, ga saura sati biyu. Mu rage yara ne, ko mu cire abinci?

Wata malamar makaranta:
Yaya, don Allah kar a taɓa abincin nan. Akwai yaron da shi ke fito da shi daga gida. A mayar da shirin kwana uku a sati har a kammala.

Wani tsohon akanta:
Hajiya, sannu da ƙoƙari. Matsalar ba ta bana ba ce, mutum ɗaya kuka jingina da shi. Ki zauna da littafi ki fitar da abin da yaro ɗaya ke ci muku a rana, har itace da ruwa da ladan mai girki. Da wannan lissafin za ki tunkari mutane: "ɗauki nauyin yaro ɗaya." Mutum talatin masu ba da kaɗan sun fi muku kwanciyar hankali. Sannan ku yi rajista da hukumar CAC, mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu. Kuɗin jama'a a jakar mutum ɗaya yana jawo zargi ko da yana da gaskiya.

Wani ɗan kasuwar Dawanau:
Agusta kuke sayen hatsi, lokacin da ya fi tsada? Ku tara kuɗi da kaka, ku sayi wake da masara. Waken a zuba shi a buhu mai leda biyu a ɗaure tam, ƙwari ba za su ci ba.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka. Kwana uku za mu koma daga Litinin. Baba akanta, zan kawo maka littafin ka duba mana.