Baƙin bayan gida da aman jini: abin da muka gani a gidajenmu

Ɗan Ader, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Ciwon gwiwa ya sa Baba shan diclofenac na masu talla safe da yamma, sau tari ciki ba komai. Sai bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, ga ɗoyi, ga jiri in ya miƙe. Dangi suka ce basur ne, a jiƙa sassaƙe. A asibiti likita ya ce gyambon ciki ne ke zubar da jini, jinin kuma yana narkewa a hanji kafin ya fito, shi ya sa ba ja ba ne. Sai da aka ƙara masa jini. Akwai wanda ya ga irin haka?

Maman Biyu, Yamai: Allah ya ba Baba lafiya. Maigidana aman jini ya yi da dare, guda-guda, ba wani ciwon ciki kafin nan. Ashe hepatit B ce ta daɗe tana cin hantarsa, jijiyoyin maƙoshi suka kumbura, ɗaya ta fashe. An yi masa fibro, aka zura siririn bututu mai kamara ta baki, aka ɗaure jijiyoyin da ƙananan robobi. Yanzu kullum yana shan propranolol, maganin da ke rage matsin jini a jijiyoyin. Ni da yara an gwada mu, waɗanda ba su kamu ba an yi musu rigakafi. Don Allah wanda ya yi aman jini kada a bari gari ya waye, kuma ku tafi da dangin da za su iya ba da jini.

Malamar lakwal: Ni fibro da aka yi mini ta nuna gyambo, gwaji ya nuna Helicobacter pylori, ƙwayar cuta mai jawo gyambon ciki. Kwana 14 na sha antibiyotik tare da omeprazole, maganin rage asid na ciki. Kada ku ji tsoron fibro, ba ta daɗewa, sai dai ciki wayam ake zuwa.

Ungozoma, Tawa: Ƙwayoyin ƙarin jini da muke ba masu ciki su ma suna baƙanta bayan gida, amma ba ya danƙo ko ɗoyi irin wancan. Jan jini kuwa sau da yawa basur ne, amma in dattijo ne, ko mutum yana ramewa, a nemi a duba babban hanji.

Ɗan Ader: Na gode, Hajiya. Likita ya hana Baba diclofenac, ibuprofen da aspirin don suna iya jawo gyambon ciki, ya mai da shi kan paracetamol. Ranar Litinin za mu tafi Yamai a yi masa fibro.