Taƙaitawa: mayar da tsofaffin ma'aunan matsi zuwa faskal

Ga abin da tattaunawar da aka yi kan wannan batu ta tsayar:

1. Kowa ya yarda a koma faskal, ma'aunin matsi na SI (tsarin awo na ƙasa da ƙasa) tun 1971. Psi ɗaya (nauyin laba ɗaya a kan murabba'in inci) kilofaskal 6.895 ne (kilofaskal ɗaya faskal dubu ne), kgf/cm² ɗaya (nauyin kilogiram ɗaya a kan murabba'in santimita) 98.07, atm ɗaya (matsin iskar sarari a matakin teku) 101.325.

2. Inda aka fi jan kunne: a fara tantance ko lambar ta haɗa da matsin iskar sarari, ko abin da geji ya nuna ne kawai. Tsakanin psig (psi ɗin da geji ya nuna) da psia (wanda ya haɗa da matsin iskar sarari) akwai kusan kilofaskal 101. A ganina nan haɗarin yake, musamman wajen saita bawul na tukunyar tururi.

3. Kada a datse lamba sai ƙarshen lissafi.

4. An rabu kan ma'aunin matsi da ake kira bar. Wasu na sonsa don kilofaskal 100 ne cif, wasu suka ce megafaskal (faskal miliyan ɗaya) kaɗai ya dace da zanen injiniya.