An zaftare min albashi wai don ni ɗalibi ne, haka doka ta ce?

Ɗan Aji Uku: Assalamu alaikum. Ina aji uku a jami'a, da yamma kuma ina amsa wayar kwastomomi a wani kamfani daga ƙarfe 4 zuwa 9. Su ke tsara ranakun zuwana, kullum sai na sa hannu a rajista, amma ba a taɓa ba ni takardar ɗaukar aiki ba. Da jarrabawa ta zo na nemi izini aka amince, sai ga albashin watan an zaftare shi, har da na ranakun da na zo. Manaja ya ce ai ni ba ma'aikaci ba ne, koyon aiki nake, alfarma ma aka yi min.

Yaya Babba: Wa alaikumus salam, ƙanena. Sunan da suka laƙaba maka ba shi ne abin dubawa ba. Shawara ta 198 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar a 2006 ta ce a duba yadda aikin ke tafiya a zahiri: wa ke ba da umarni, wa ke yanka lokaci, ana biya a kai a kai ko kuwa? Duka ukun sun hau kanka. Alkawarin baki ma alkawari ne a dokokin ƙasashe da dama, matsalarsa kawai kafa hujja.

Ranakun da ba ka je ba, suna iya cewa ba aiki ba biya, sai in an yi maka alkawarin akasin haka. Amma waɗanda ka zauna maƙale da abin sauraro a kunne kana shan masifar mutane, wannan guminka ne. Yarjejeniyar ILO ta 95 ta 1949 ba ta yarda a cire ko sisi daga albashi ba sai bisa dokar ƙasa, ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata, ko hukuncin sasanci. Sai dai tana ɗaure ƙasar da ta amince da ita ne kawai, don haka nemo dokar ƙwadagon ƙasarku ka karanta sashen albashi.

Maman Twins: Kafin ka sake buɗe baki, ɗauki hoton shafukan rajistar nan, ka adana saƙon da aka ba ka izini da shaidar shigar kuɗi ta watannin baya. Sannan ka rubuta musu takarda cikin ladabi, ka riƙe kwafi. In sun yi kunnen uwar shegu, sai ofishin ƙwadago.

Tsohon Ɗalibi: Hajiya, duk na yarda, amma gaskiya mai takardar ɗaukar aiki ma sallamarsa ake yi, balle shi. Malam, in da wasu ɗalibai a wurin, ku haɗa kai ku je tare. Korar mutum biyar rana ɗaya ta fi wuya.

Ɗan Aji Uku: Na gode ƙwarai. Mu huɗu ne, biyu an yi musu irin nawa. Izinin ta WhatsApp aka ba ni, yana nan ban goge ba. Yaya, ana karɓar irinsa a matsayin hujja?