Ina neman inda masu son barin giya ke haɗuwa a Maraɗi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah mai kula da zaure a ɓoye sunana.

Ni direban babbar mota ne, shekarata 38, mata ɗaya da yara huɗu. A hanyar Kwatano na koyi shan giya, yau shekara tara ke nan. Da can kwalba guda ce in mun yada zango, yanzu ko ina gida in ban sha ba barci ba ya zuwa. Jaka biyu zuwa uku ke tafiya kullum, kuɗin cefanen gidana ke nan. Na yi rantsuwa sau biyu, na sha rubutu, duk na koma. Watan jiya na yanke sha gaba ɗaya. Kwana na biyu hannuwana suka kama kyarma, zufa kamar an kwara min ruwa, sai na ruga na sha.

Wani direba a Kwatano ya taɓa gaya min suna da zama duk mako, su masu fama da wannan abin, kowa ya faɗi damuwarsa ba mai zagin wani. Irinsa nake nema. Na san haramun ne, ba wannan nake tambaya ba. Kuma kun san garinmu, in an gan ka ka shiga wani wuri da safe a unguwar Zariya, kafin azahar labari ya kai unguwar Ali Ɗan Sofo.

Majo (babban ma'aikacin jinya) mai ritaya: Ɗana, kafin maganar taro, kyarmar nan ta fi tsaya min a rai. Jikin da ya yi shekaru da giya, in aka yanke masa ita rana ɗaya, kyarma kan fara cikin awa 6 zuwa 24, wasu su faɗi kamar masu farfaɗiya, daga kwana na biyu zuwa na uku wasu su rikice suna gane-gane. Wannan yana kisa. Kada ka sake gwadawa kai kaɗai, balle a kan hanya da mota a hannunka. Je ka babban asibitin jiha, ka gaya wa likita gaskiyar yawan abin da kake sha, kada ka rage. Akwai maganin da ake bayarwa na ƴan kwanaki tare da bitamin B1. Kada ka sayi ƙwaya wurin masu tallar magani. Ka tambaye su ɓangaren masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, su ne ke ganin masu irin matsalarka. Zuwa can ba hauka ba ne.

Baban Sani: Ka ji tsoron Allah ka bari kawai. Wane taro kuma?

Wani malami: Baban Sani, yi a hankali. An sha kawo wani mutum gaban Annabi (SAW) saboda giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce mutumin yana son Allah da Manzonsa. Yana cikin Bukhari. Haramcin ma a hankali ya sauko: Baƙara 219, sai Nisa'i 43, sannan Ma'ida 90. Wanda ya zo da ƙafarsa ba a kora shi.

Tsohon mashayi: Ƙanena, shekarata huɗu rabona da ita. Abin da abokinka ya faɗa shi ne AA, da faransanci Alcooliques Anonymes. Mashaya biyu ne suka fara shi a Amurka a 1935, ɗaya ma likita ne. Ba a biyan ko dala, ba a tambayar sunan mahaifinka, sharaɗin shiga kawai ka so bari. Suna zama ta Zoom da faransanci, kana iya rufe kamara ka saurara daga cikin motarka. Da haka na fara.

Amma gaskiya, abin da ya riƙe ni shi ne mutum ido da ido. A tsarinsu ko mutum biyu ko uku suka zauna don barin giya, taro ya yi. Mu uku ne, muna haɗuwa daren Alhamis bayan isha'i a zauren ɗayanmu, butar shayi na kan wuta. Mai wucewa fadar shan shayi kawai yake gani, a Maraɗi wa ke tambayar masu shayi? Abin da aka faɗa nan ya tsaya nan. Kuma mun daina rantsuwar har abada, ita ta sha karya ni. Na yau kaɗai muke ɗauka. In abin ya taso maka ƙarfe biyun dare, ka buga wa ɗayanmu waya kafin ka sa takalmi.

Wuyar a wurinka ita ce zango. Inda ka saba tsayawa da waɗanda ka saba zama da su, sai ka canza, ko da za su ce ka yi girman kai.

Maman Hadiza: Yayana, matarka ta sani ko ba ka faɗa ba, ita ke wanke kayanka. Ka gaya mata, ka riƙa damƙa mata kuɗin in ka sauka. Haka muka yi da maigidana.

Mai tambaya: Na gode. Baba Majo, ina da lodi ranar Asabar, in je in dawo tukuna?

Majo mai ritaya: A'a. Ba wani direba lodin, ka je asibiti gobe da safe.

Tsohon mashayi: Na bar lambata wurin mai kula da zaure. In kunya za ta hana ka, ni zan raka ka asibitin.